Wa Ake Rubuta wa Rajistar Asibiti? Tarihin Lissafin Majinyata a Ndjamena

Unguwar Mursal tana gunduma ta shida a birnin Ndjamena, kuma mazauna birnin sun san ta da raya dare: mashaya, gidajen abinci, masu gasa nama da kifi, da 'yan babur ɗin haya da ake kira kilando suna kai da komo har dare ya raba. Inda babura suka yi yawa cikin duhu ba a rasa haɗari. Idan aka kwashi wanda ya faɗi aka kai shi sashen gaggawa na babban asibitin ƙasa, aiki biyu ake yi a kansa kusan lokaci guda. Wani yana ƙoƙarin tsayar da jini, wani kuma yana rubuta suna, shekaru, unguwa, lokacin isowa da abin da ya kawo shi. Dangi aikin farko suke kallo, alhali na biyun ne zai wanzu bayan raunin ya warke ko an binne mai shi. Daga wannan layi guda ake haɗa rahoton wata, daga rahoton wata ake tsara kasafin magani, daga nan kuma masu bincike ke yanke hukunci kan abin da ke kashe mutanen birni. Yanzu da ake ta kiraye-kirayen a mayar da rajistar asibiti cikin kwamfuta, ya kamata a waiwayi tarihinta a wannan birni, domin tarihin yana koyar da abu ɗaya a kai a kai: rajista tana yin daidai ne gwargwadon yadda mai karanta ta ya damu da abin da ke ciki. Abin da babba ke dubawa ana rubuta shi da kyau, abin da ba ya dubawa ana cike gurbinsa da ƙiyasi.

Birnin kansa sansanin soja ne tun asali. A ranar 22 ga Afrilun 1900 aka gwabza a Kusuri, inda Rabe da kwamandan Faransawa Lamy duk suka mutu, sai Émile Gentil ya kafa Fort-Lamy a ɗaya gaɓar kogin Shari a watan Mayun shekarar, sunan da bai canja zuwa Ndjamena ba sai 1973. Likitocin farko hafsoshin soja ne, kuma littafinsu amsa ce ga tambayar kwamanda: soja nawa ke iya tafiya, ɗan dako nawa ya kwanta, wace annoba ce ke barazana ga masu biyan haraji. Inda wannan tambaya ta yi zafi, lissafin ya yi kyau ƙwarai. Tun daga 1917 Eugène Jamot ya shimfiɗa tsarin yaƙi da ciwon barci a Ubangi-Shari, daga baya a Kamaru: a tara ƙauye kakaf, a lalubi wuyan kowa, a duba ruwan kaluluwa a madubin likita, a rubuta sunan wanda aka samu da cutar, a dawo a neme shi. Gaston Muraz ya yi irin wannan aiki a yankin Fort-Archambault, wato Sarh ta yau. Amma a daidai wannan zamani, tsakanin 1921 da 1934, hukumar mulkin mallaka ta kwashi dubban Sarawa daga kudancin Chadi zuwa aikin layin dogon Kongo-Océan, kuma har yau masana tarihi ƙiyasi suke yi kan yawan ma'aikatan da suka mutu, daga wajen 17,000 zuwa fiye da 20,000, saboda wanda ya faɗi a hanya ko ya gudu ya mutu a daji bai shiga littafin kowa ba. Hukuma ɗaya ce, alƙalami ɗaya, amma ta iya ƙidaya ƙwayar cuta a wuyan mutum ta kasa ƙidaya gawarsa. Da yawa daga mazauna Mursal 'yan asalin kudun nan ne.

Wancan zamani ya bar wa rajista gado biyu da ba su gushe ba. Na farko shekarun haihuwa. Magatakardan Faransa ya saba rubuta cewa an haifi mutum "wajajen" shekara kaza, kuma wannan kalma tana nan a takardun dattawa da yawa. Binciken gidaje na 2014 zuwa 2015 ya nuna kusan kashi 12 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Chadi. Don haka ma'aikacin jinya kan dubi fuskar majinyaci ya ce 30 ko 35 ko 40, kuma duk mai ƙididdigar jama'a ya san yadda shekaru ke cunkushewa a lambobin da suka ƙare da sifiri ko biyar. Na biyu suna da harshe. Ana rubuta rajista da Faransanci, majinyaci kuwa yana bayani da Larabcin Chadi, ko Ngambai, ko Barbarci, ko Fulatanci, ko Hausa, domin Fort-Lamy zango ce a tsohuwar hanyar alhazai ta ƙasa, kuma Hausawa da yawa sun yada zango a nan ba su ƙara gaba ba. Mutum guda zai iya zama Mahamat yau, Mohamed gobe, Muhammadu idan ya zo da katin asibitin Maiduguri. Kalmar da Bahaushe zai faɗa, "zazzaɓi" ko "ciwon ciki" ko "jiri", sai ta ratsa bakin ɗan rakiya, ta ratsa kunnen ma'aikaci, kafin ta zama sunan cuta a takarda. A kowace mararraba ana zubar da wani abu.

Sai yaƙi ya zo ya nuna iyakar abin. Faɗan da ya ɓarke ranar 12 ga Fabrairun 1979 tsakanin dakarun Hissène Habré da sojan Shugaba Félix Malloum ya raba birnin gida biyu, 'yan kudu suka kwashe daga unguwanni irin su Mursal suka nufi garuruwansu. Daga Maris zuwa Disamban 1980 aka sake gwabzawa tsakanin Habré da Goukouni Weddeye, jama'a suka tsallaka kogi zuwa Kusuri, inda likitocin agaji suka riƙa karɓar masu rauni. A irin wannan hali ba a maganar rajista, shi ya sa alƙaluman mamatan waɗannan watanni suka tsaya a ƙiyasi. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. A mulkin Habré, daga 1982 zuwa 1990, hukumar 'yan sandan cikinsa ta DDS ta riƙe takardu da tsananin kula: jerin fursunoni, rahoton tambayoyi, takardun shaidar mutuwa. A 2001 masu binciken ƙungiyar Human Rights Watch suka tarar da su zube a tsohuwar hedikwatar hukumar a Ndjamena, aka tsamo sunayen mutum 12,321 da aka ci zarafinsu, da 1,208 da suka mutu ko aka kashe, kuma takardun suna cikin hujjojin da kotun Dakar ta dogara da su ta yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayun 2016. Misali ne mai ɗaci, amma yana rushe zancen cewa talauci ko rashin kayan aiki ne ke hana rubuta gaskiya. Magatakardan kurkuku ya san akwai wanda zai karanta, kuma ya san abin da kuskure zai jawo masa.

A shekarun nan ne kuma aka sake gina lissafin lafiya daga tushe. A tsakiyar shekarun 1980 ma'aikatar lafiya, da tallafin Amurka da ƙwararrun wata cibiyar raya ƙasashe ta Jami'ar Harvard, ta tsara tsarin bayanai na bai ɗaya a lokacin da kowane shiri da kowace ƙungiyar agaji ke da nata fom. Aka daidaita rahoton wata-wata da cibiyoyin lafiya za su riƙa aikawa, aka fara fitar da kundin alƙaluman lafiya na shekara, kuma Theo Lippeveld da Anne-Marie Foltz sun rubuta darussan aikin har ya zama abin misali ga masu tsara irinsa a wasu ƙasashe. Ci gaba ne na gaske. Sai dai rahoton wata jimla yake ɗauka, yana hawa sama, ba ya saukowa. Mutumin da babur ya kayar a Mursal yakan narke ya zama ɗigo guda a gurbin "rauni", ba a san ƙarfe nawa ya faɗi ba, ko awa nawa ya jira, ko ya rayu bayan kwana uku. Labarin jinyarsa yana cikin ɗan littafin asibiti da ya saya da kuɗinsa, kamar yadda aka saba tun bayan shirin Bamako na 1987 da ya ɗora wa majinyata wani kaso na kuɗin magani, kuma littafin gida yake komawa da shi, inda damina ko ƙaura ko gara za su iya cinye shi. Da gwamnatin Idriss Déby ta ayyana jinyar gaggawa kyauta a 2007, sai kalmar "gaggawa" kanta ta sami farashi. Ba sai an zargi kowa da ha'inci ba kafin a gane cewa ma'aikaci mai tausayi, yana kallon matar da ba ta da ko sisi, zai karkata alƙalaminsa wajen gurbin da zai sa a duba ta.

Duk da haka birnin ya taɓa nuna wa duniya abin da lissafi mai kyau ke iyawa. A Disamban 2011 aka yi wa kimanin mutum miliyan 1.8, masu shekara 1 zuwa 29, allurar rigakafin sanƙarau ta MenAfriVac a Ndjamena da Chari-Baguirmi da Mayo-Kebbi ta Gabas, ana tsakiyar annoba. A lokacin zafin 2012 aka kwatanta yankunan da aka yi wa allurar da waɗanda ba a yi wa ba, aka ga bambancin kashi 94 cikin 100 a yawan masu kamuwa, kuma mujallar The Lancet ta buga sakamakon, da Doumagoum Moto Daugla na Ndjamena a kan gaban marubuta. Me ya sa duniya ta yarda da wannan adadi? Saboda an fayyace wa ma'aikata abin da za a kira sanƙarau, an ɗebi ruwan ƙashin baya an kai ɗakin gwaji, an bi rahotanni mako-mako, an kuma shafo maƙogwaron mutane a yankin Mandeliya kafin allura da bayanta don a ga ko ƙwayar cutar ta ragu. Ma'aikatan su ne dai na kullum, zafin garin bai ragu ba, wutar lantarki ba ta ƙaru ba. Abin da ya canja shi ne an sami mai karantawa, mai komowa ya tambaya idan lamba ta yi masa baƙo.

Da wannan tarihi ya kamata a auna alƙawarin kwamfuta. A 'yan shekarun nan Chadi ta bi sahun Nijar da Najeriya wajen amfani da manhajar DHIS2, wadda aka ƙera a Jami'ar Oslo, don tattara rahoton wata. Amma abin da ake shigarwa cikinta jimlar da aka kwafo daga takarda ce, don haka kuskuren rajista yana shiga da takalminsa. Mataki na gaba da ake buri shi ne kowane majinyaci ya sami fayil nasa a kwamfuta tun daga ƙofar sashen gaggawa, kuma a nan ƙasashen da suka riga mu suna da labari. Tun 1996 mujallar Annals of Emergency Medicine ta buga nazarin da Gilbert da abokansa suka yi wa maƙalu 986 na likitancin gaggawa, suka ga 244 sun dogara ne da tono tsoffin fayilolin majinyata, amma ƙasa da kashi 1 cikin 100 na waɗannan ne suka gwada ko masu tono biyu za su fito da amsa ɗaya daga fayil ɗaya. Amurka ta kafa dokar HITECH a 2009, ta zuba biliyoyin daloli har kusan kowane asibiti ya koma kwamfuta. Shekara goma bayan haka, a 2019, Carl Berdahl da abokansa suka sa masu lura su bi likitoci 9 a sassan gaggawa, suka shaida duba majinyata 180, sannan suka kwatanta da abin da aka shigar. Kashi 38.5 cikin 100 ne kawai na tambayoyin da fayil ya ce an yi wa majinyaci aka tabbatar an yi, da kashi 53.2 na duba jiki. Wasu nazarce-nazarcen a asibitocin Amurka sun ga ana yawan rubuta numfashi 18 ko 20 a minti ɗaya fiye da yadda jikin ɗan Adam zai iya daidaituwa. Dalilin a fili yake: fayil ɗin can kamfanin inshora da lauya ne manyan masu karanta shi, don haka ya cika fam da abin da suke nema.

Mai kare kwamfuta zai ce ai ta fi rubutun likita karantuwa, ba ta ɓacewa da ambaliya, tana buga lokaci da kanta, tana kuma hana a tsallake gurbi. Duk gaskiya ne, kuma ba ƙaramin amfani ba ne a birnin da ruwa ya sha cinye unguwanninsa. Amma kowane ɗaya yana da bayansa. Lokacin da na'ura ke bugawa lokacin shigar da bayani ne, kuma a sashen gaggawa ana ceton rai ne tukuna, a zauna rubutu bayan awa ɗaya ko biyu, ko bayan an tada janareta. Mai binciken da ya ɗauki wannan lokaci a matsayin sa'ar da aka ba da magani zai auna jinkirin magatakarda ya kira shi jinkirin likita. Gurbin da na'ura ta ƙi a tsallake kuwa, gajiyayyen ma'aikaci zai cusa masa wata lamba don allon ya wuce. A takarda gurbi marar komai yana faɗa wa mai bincike gaskiya, cewa ba a auna ba. A kwamfuta ƙiyasi da awo kamanninsu ɗaya, dukansu tsaf-tsaf.

Wani zai ce idan bayanai suka kai dubun dubata, kurakurai za su cinye juna. Haka ne idan kuskuren yana faɗawa dama da hagu ba tare da zaɓi ba. Amma mai awon hatsi ya san cewa idan an bubbuge gindin mudu, ko koro kamar yadda ake kiransa a kasuwannin Ndjamena, auna buhu dubu ba ya gyara shi, ƙara yawan cutar kawai yake yi. Kuskuren sashen gaggawa gefe guda yake karkata. Wanda ya fi jin jiki shi ne ba a samun sukunin auna shi, wanda ya zo a sume ba shi da suna balle tarihi, wanda ya cika a hanya dangi kan juya da shi gida a yi masa sutura a ranar. Idan mai bincike ya zubar da fayilolin da ba su cika ba, ya zubar da mafi tsananin majinyata ke nan, sai asibiti ya fito da kyan sakamakon da bai samu ba. Ranar 20 ga Oktoban 2022, da zanga-zanga ta rikiɗe ta zama zubar da jini a unguwannin Mursal da Chagoua da Walia, da kuma wasu garuruwan kudu, gwamnati ta ce kimanin mutum 50 suka mutu, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa daga baya ta ce 128. A rana irin wannan mai rauni yana tsoron sunansa ya shiga littafi, kuma babu manhajar da za ta ƙidaya wanda bai zo ba.

Hujja mafi nauyi ita ce ta ma'aikatan kansu: mutum biyu suna fama da ɗaki cike, wa ke da lokacin ƙawata rajista? Wannan koke daidai ne, kuma amsarsa a rage abin da ake nema, a tsananta kula da ɗan abin da ya rage. A ƙarshen shekarun 1990 Olive Kobusingye da abokan aikinta sun kafa rajistar masu rauni a asibitin Mulago na Kampala da na Kawolo da fom mai shafi ɗaya, suka fitar da ma'aunin tsananin rauni daga abubuwa biyar: shekaru, awon jini, numfashi, farkawar majinyaci da yawan manyan raunuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da fom na bai ɗaya don sassan gaggawa, kuma babban taronta na 2019 ya zartar da ƙuduri kan ƙarfafa jinyar gaggawa. Abin da ya rage ba ya cin kuɗi sosai: a bar gurbin "ba a auna ba" a buɗe ba tare da an tsawata wa kowa ba, a ware lokacin faruwar abu da lokacin rubuta shi, a ɗauki fayil kaɗan kowane wata mutum biyu su duba daban-daban, sannan a komo wa ma'aikatan sashen da sakamako don su ga rubutunsu ya ƙaro musu jini a ma'ajiya ko ma'aikaci a daren Asabar.

Shekara 120 da ɗoriya rajistar wannan birni tana yi wa wani hidima: kwamandan soja, mai neman 'yan ƙwadago, ma'aikatar da ke jiran jimla, mai ba da tallafi da ke jiran rahoto. Sau ƙalilan aka rubuta ta don majinyaci da mai jinyarsa, kuma a waɗannan lokuta, kamar na sanƙarau a 2012, ta faɗi gaskiyar da duniya ta amfana da ita. Don haka kira ga hukumomin asibiti shi ne su naɗa mai karanta rajista kafin su sayi kwamfuta. Ga ɗaliban likitanci da ke rubuta kundin kammala karatu daga fayilolin sashen gaggawa kuwa, a Ndjamena ko Kano ko Maraɗi, su bayyana wa mai karatu fayil nawa suka tarar babu awon jini a ciki, nawa suka ajiye gefe, da kuma wanda ya sake duba aikinsu. Binciken da bai faɗi waɗannan uku ba, kada a gina manufar lafiya a kansa.